Darasi: Kofoworola Pratt, Nas da ta Koyar da Nas-nas

Karatu: 2 Timoti 2:1-7

A cikin wannan karatu Manzo Bulus yana gaya wa Timoti kada ya riƙe koyarwar da ya karɓa shi kaɗai, ya danƙa ta ga amintattun mutane waɗanda su ma za su iya koya wa wasu. Bulus yana magana ne a kan bishara, amma haka abin yake a kowane aikin jinƙai. Bari mu duba rayuwar wata 'yar ƙasarmu.

An haifi Kofoworola Abeni Pratt a Legas, ta yi makarantar 'yan mata ta mishan ɗin CMS. Tun tana yarinya aikin jinya take so, amma mahaifinta ya ƙi, domin a lokacin ba a ganin aikin nas ya dace da 'yar gidan masu ilimi. Sai ta zama malamar makaranta, ta yi shekaru tana koyarwa. Bayan ta yi aure ne ta tafi Ingila a 1946, ta shiga makarantar jinya ta asibitin St Thomas a Landan, wadda Florence Nightingale ta kafa a 1860. Ana tunawa da ita a matsayin baƙar fata ta farko da ta yi aikin nas a hukumar lafiya ta ƙasar Birtaniya.

Da ta so zama a can, da ta zauna. Amma a 1954 ta dawo gida, ta nemi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan. Da farko an hana ta shugabancin ɗakin marasa lafiya, domin Turawa ake ba wannan matsayi, alhali takardunta irin nasu ne. Ba ta yi fushi ta koma ba. Ta jure, ta yi aiki, har a 1964 ta zama shugabar dukan nas-nas na asibitin, 'yar Nijeriya ta farko da ta kai nan. Daga baya ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa, kuma tana cikin waɗanda suka yi ƙoƙari har Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen koyar da jinya a 1965. A 1973 aka ba ta lambar yabo ta Florence Nightingale. Ta rasu a 1992.

A ganina, shekarun da ta yi tana malanta ba su tafi a banza ba, ko da yake ba zaɓinta ba ne. Nas guda tana iya duba marasa lafiya kaɗan ne a yini. Wadda ta horar da nas-nas kuwa, hannunta yana kai wa garuruwan da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba.

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu sau da yawa mace guda ce ta san karɓar haihuwa da tsabta, ko mutum guda ne aka tura kos ɗin lafiya. Ranar da ya yi ƙaura ko ya tsufa, ilimin ya tafi da shi. Ku ɗauki ruwan gishiri da sukari na yaro mai zawo: lita guda ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Mata nawa ne a zumuntarmu za su iya haɗa shi daidai cikin dare, ba tare da an tashi ungozoma ba?

Don tattaunawa:

Wane ne a ikkilisiyarmu yake da ilimin lafiya, kuma wa yake koya wa yanzu?

Idan 'yarka ta ce aikin jinya take so, me za ka ce mata? Idan kuɗin makaranta ne damuwar, me ikkilisiya za ta iya yi?