Sulhu da Shari'a: Darasi a kan Bautar da Mutane da Sunan Addini

Mu mutanen sulhu ne tun kaka da kakanni. A Kwandiko da ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, in shanu sun shiga gona, ko an yi gardamar iyaka, zauren mai unguwa ko dagaci ake fara zuwa kafin a yi zancen kotu. Ubangijinmu ma ya koya mana wannan hanya cikin Matiyu sura 18, Manzo Bulus kuwa ya tsauta wa Korantiyawa saboda saurin kai juna gaban alƙalai. Amma akwai laifin da ya fi ƙarfin zaure, watau tsare mutum da cin guminsa da sunan Allah.

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, wanda ake kira makarantar gyaran hali, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka buɗe irinsa a Daura. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Kada kowa ya ɗauki wannan ya zama abin gori ga maƙwabtanmu Musulmi, gama gidajen wanki da waɗansu ƙungiyoyin sistoci suka riƙe a ƙasar Ailan sun sa mata aiki ba lada, sai a 1996 aka rufe na ƙarshe, gwamnatin ƙasar kuma ta nemi gafara a 2013. Tambayar ɗaya ce a ko'ina: in wanda aka tsare ya fita yana neman hakkinsa, wa zai yi masa shari'a?

A Amurka an kai wannan tambaya har gaban alƙalai. A watan Afrilu na 2022 mutum uku suka kai ƙarar ƙungiyar Scientology da shugabanta David Miscavige a kotun tarayya ta birnin Tampa, a jihar Fulorida. Biyu daga cikinsu sun ce tun suna yara aka sa su cikin rundunar ma'aikatan ƙungiyar, inda mutum ke sa hannu a alkawarin hidima na shekara biliyan ɗaya, dukansu uku kuma sun ce an yi ta bautar da su a jirgin ruwanta mai suna Freewinds. Ƙungiyar ta musa. Sai lauyoyinta suka fito da takardun da masu ƙarar suka sa wa hannu, inda suka yarda cewa duk wata husuma tsakaninsu da ƙungiyar za a warware ta a zauren sulhu na cikin gida. Masu yanke hukunci a wannan zaure kuwa, dole su zama 'yan ƙungiyar masu biyayya. Masu ƙarar suka ce tilasta musu aka yi. A watan Maris na 2023 alƙali Thomas Barber ya ce, bisa ga hukuncin da Kotun Ƙoli ta ƙasar ta riga ta kafa, ko zancen tilas ɗin ma zauren ne zai duba shi. A ganina an ba kura ajiyar nama ke nan. Wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta bi wata hanya a watan Janairu na 2022: ta ce wanda ya bar addini ba a ɗaure shi da hukuncin addinin a kan abin da aka yi masa bayan fitarsa.

To, yaya dokar ƙasarmu take? Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta bauta da aikin tilas, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin sāke addini. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke zartarwa, ta yanka ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ga mai sa mutum aikin tilas, ta kuma hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Abin lura a nan shi ne, in da yaudara ko barazana, cewa mutum ya yarda ba hujja ba ce. Tun 1990 kuma, cikin shari'ar Hukumar Raya Birane ta Jihar Kano da kamfanin Fanz, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa tuhumar laifin da ya shafi jama'a ba a kai ta gaban masu sulhu. Bashi da ciniki ana sulhunta su. Ɗaure yaro da sarƙa laifi ne ga ƙasa duka, saboda haka uba ba shi da ikon yafe shi a madadin ɗansa don an ba shi buhun gero.

Koyarwar Ikkilisiya ta zo daidai da wannan. Dokokinta na 1983, daga lamba 1713 zuwa 1716, sun yarda da sulhu domin a kauce wa shari'a, amma lamba 1715 ta ware duk abin da ya shafi amfanin jama'a. Shi kansa Bulus da ya yi maganar sulhu tsakanin masu bi, ƙananan al'amuran yau da kullum yake nufi, tsakanin mutanen da ba wanda ke riƙe da wuyan wani. Sa'ad da ya ga ransa na cikin haɗari, gaban Kaisar ya ɗaukaka ƙara, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 25 ta nuna. Wasiƙar Yaƙub sura 5 kuma ta faɗa mana cewa ladan ma'aikaci da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji.

Abin ya zo har ƙofar gidanmu. Bayan an gama kaka, akwai masu yawo a ƙauyuka suna neman yara a kai su Kano, waɗansu da sunan karatu, waɗansu da sunan hidimar wani gidan addu'a. Iyaye, kafin ku dangwala yatsa a kowace takarda, ku kai wa katikis ya karanta muku. Ku tambayi nawa ne ladan, hannun wa zai shiga, ko kuna iya ziyartar yaron ran da kuka ga dama, ko yana iya komowa gida in ya so. In takardar ta ce shugaban wurin ne kaɗai zai yanke duk wata gardama, ku riƙe ɗanku. In kuwa yaro ya riga ya komo da tabo a jiki, kada dattawan majami'a su yi gaggawar kiran zaman yafewa. A fara kai shi asibiti, a sanar da Fada da Hukumar Adalci da Salama ta dayosis, su kuma su kai maganar ga 'yan sanda ko ofishin NAPTIP na Kano.

Ranar 8 ga Fabrairu, idin Tsattsarka Yosefina Bakhita, wadda aka sace tana yarinya a Darfur aka sayar da ita baiwa, ita ce ranar addu'a domin waɗanda aka yi fataucinsu, tun daga 2015. Ina roƙon Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su karanta Matiyu 18:15-17 tare da Yaƙub 5:1-6 kafin ranar, kowace majami'a kuma ta rubuta sunayen yaranta da ke aikatau a birni, da inda kowannensu yake zaune.