Hutu wurin likitan dabbobi

Lokacin babban hutu, ɗan makaranta na iya zuwa ma'aikatar kiwo ta Gaya ya kama aiki, ba don kuɗi ba. Aikin ba na mai ƙyama ba ne: zai riƙe akuya, ya wanke mata miki, ya share kashi.

Can zai gane amfanin allura. Benin na ƙetaren kogi, Najeriya na gabas, cuta kuwa ba ta tsayawa iyaka. Allura ce ta kau da bushiya daga duniya a 2011, amma ciwon huhu na kashe shanu har yau.

Ana koyon aikin a Kollo, ko a Dakar.

Tambaya: Don mi ake yi wa saniya allura tun ba ta kamu ba?