Hasken da Ido Ba Ya Gani: Ɗaukar Hoton Gaɓar Tafkin Kainji

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, gaɓar tafkin ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ruwa yakan hau, ya kuma janye kowace shekara, ya bar wa manoman Yauri, Ngaski da Shanga fadama, ya bar wa makiyaya burgu. Sanin iyakar ruwa da ciyawa kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga masunta da masu zana taswira. Sai dai a hoto baƙi da fari na yau da kullum, ruwa mai laka da ciyawar da ke bakinsa duk toka-toka suke fitowa.

Maganin farko shi ne gilashin tace haske, wanda ake ɗaurawa a gaban idon kyamara. Ƙa'idarsa ɗaya ce: yana barin hasken launinsa ya wuce, ya tare sauran. Saboda haka rawaya kan duhunta shuɗin sama, gajimare ya fito sarai. Ja kuwa ya fi shi tsanani.

Ido yana ganin haske daga nanomita 400 zuwa 700 ne kawai. Gaba da ja akwai hasken infared, wanda William Herschel ya gano a 1800. Ɗanyen ganye yana mayar da shi da yawa, ruwa kuwa shanye shi yake yi. To, idan aka haɗa fim ɗin infared da jan gilashi mai duhu, sai burgu ya fito fari fat kamar auduga, tafkin kuma baƙi ƙirin, iyakarsu ta bayyana tamkar an ja layi. Robert Wood ya wallafa irin waɗannan hotuna tun 1910.

Ɗalibai da yawa kan ɗauka cewa zafin jiki fim ɗin yake gani. Ba haka ba ne. Hasken rana ne da ya dawo daga ganye. Zafi ma maƙiyinsa ne, domin ranar bazara ta Yauri tana lalata shi, kuma wani irinsa sai cikin duhu ake sa shi a kyamara.

Kamfanin Kodak ya daina yin fim ɗinsa mai launi, Aerochrome, a 2009. Yanzu taurarin ɗan'adam irin su Landsat, waɗanda aka fara harbawa a 1972, su ke auna tafkin da wannan hasken.