Darasin Turanci: Kalmar "Distraction"

Akwai kalmomin Turanci masu fuska biyu ko uku. Wanda ya san fuska ɗaya kaɗai, ran da aka ce ya fassara sai ya yi ɓarna. Ɗaya daga cikinsu ita ce "distraction".

Asalinta daga harshen Latin ne. "Dis" na nufin rarrabewa, "trahere" kuwa ja. Daga "trahere" ɗin nan aka sami sunan tarakta mai jan garma. To, abin da ake ja a nan shi ne hankali.

Ma'ana ta fari, ɗauke hankali. Ga yaro cikin aji a Gadaka, malam na bayani, sai motar shanu ta wuce za ta kasuwar Potiskum. Yaro ya bar allo ya bi ta da kallo. Motar nan ta zama masa "distraction".

Ta biyu, abin ɗebe kewa, kamar dara ko tatsuniya, wanda kan janye zuciya daga damuwa.

Ta uku ita ce mai nauyi, watau hauka. A zamanin Shakespeare, wanda ya mutu cikin 1616, in an ce mutum "distracted" ne, sau da yawa ana nufin ya zautu. Samuel Johnson ya sa ma'anar nan cikin ƙamusunsa na 1755. Yanzu ta tsufa, sai ɓurɓushinta cikin magana irin "drive to distraction", kamar yadda uwa kan ce, "Yaran nan za su haukata ni," alhali kuwa lafiyarta lau.

Mu ma haka muke yi da Hausa. Mukan ce hankalinsa ya rabu, mukan kuma ce hankalinsa ya gushe. Hankalin ɗaya ne, amma tsakanin maganganun biyu akwai tafiya mai nisa.

To, malaman gobe, sai ku lura. Wata rana uba zai kawo muku takardar sakamakon ɗansa, an rubuta "easily distracted", ya ce ku karanta masa. Ku ce yaron ba ya tara hankalinsa wuri ɗaya. In kuka kuskura kuka ce yana da taɓin hankali, kun ɗora masa sunan da zai bi shi har gida, watakila ma a cire shi daga makaranta. Magana zarar bunu ce.

Aiki: kowa ya rubuta jimla uku da Turanci, ɗaya ga kowace ma'ana, kana ya juya su da Hausa.