ƘUNGIYOYIN TAIMAKON JAMA'A DA SHAFIN INTANET: AMFANI DA ILLAR GINA SHI DA MANHAJAR ZANE

Gabatarwa

Tun lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano daga Ikko a shekarar 1911, Hausawa suke ƙara yawa a unguwannin Legas, kamar su Agege, inda cinikin goro ya tara fatake, da Idi-Araba, da Obalende, da kuma Oyingbo, kusa da tashar jirgi ta Iddo. Duk inda suka zauna kuwa sai sun kafa ƙungiyoyin taimakon juna. Wata ta marayu ce, wata ta makarantar Islamiyya, wata kuma ta ɗaukar nauyin majinyata da jana'izar baƙon da ya rasu ba shi da kowa a gari.

A da, akan tara gudummawa a masallaci, ko a kasuwa, ko a ƙofar gidan Sarkin Hausawa. Yanzu masu bayarwa sun watsu. Wani yana Kano, wani yana Maraɗi, wani yana Jidda ko Landan, kuma kowa yana so ya ga shaida kafin ya saki kuɗinsa. Wannan shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke neman shafin intanet nasu na kansu. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce a gina shi da manhajar zane. Amma kafin a ɗauki wannan hanya, wajibi ne shugabanni su san amfaninta da illarta.

Mece ce manhajar zane?

Manhajar zane wani kayan aiki ne da ake buɗewa a kwamfuta ko a wayar hannu, wanda yake ɗauke da zane-zanen da aka riga aka tsara. Mutum zai zaɓi wanda ya yi masa, ya cire rubutu da hotunan da ke ciki, ya sa nasa. Wadda ta fi shahara ita ce Canva, wadda aka buɗe a ƙasar Ostireliya a shekarar 2013. Da farko aikinta tsara takardun talla da katin gayyata ne, sa'an nan a shekarar 2022 ta fito da sashen gina shafin intanet. Akwai kuma Wix, wadda aka kafa a 2006, da WordPress, wadda ta fito a 2003, ko da yake ita ta fi bukatar mai ilimin aikin.

Amfaninta

Na farko, sauƙin kuɗi. Ana iya gina shafi a Canva a wallafa shi ba tare da an biya ko kwabo ba. Bugu da ƙari, kamfanin yakan ba ƙungiyoyin agaji masu rajista damar amfani da kayansa na kuɗi kyauta, in sun cika sharuɗɗansa. Ga ƙungiyar da ke dogara da karo-karon 'yan tireda da masu dako, wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama kuɗin da za a ba ƙwararre zai iya biya wa maraya kuɗin makaranta.

Na biyu, sauƙin aiki. Sakataren da ya iya karatu da rubutu, kuma ya saba da waya, yana iya haɗa shafi cikin yini guda. In an canza ranar taro, shi da kansa zai gyara, ba sai an jira wani ba.

Na uku, kama ɗaya. Da manhaja guda za a tsara shafi, da takardar neman gudummawa, da rasit, da allon ƙofar ofis, duka da tambari ɗaya da launi ɗaya, yadda jama'a za su riƙa gane ƙungiyar da gani.

Illolinta

Na farko, shafin ba mallakar ƙungiya ba ne ɗungurum. Wanda ya gina a Canva ko Wix kamar wanda ya kama rumfar haya ne a kasuwa: yana iya kwashe hajarsa, watau rubutu da hotuna, amma ba ya iya ɗauke rumfar. In ƙungiya ta so komawa wani wuri, sai ta sake gini daga tushe. Mai abin hannun wani kuwa, kullum a ɗarare yake kwana.

Na biyu, adireshi. Shafin kyauta yakan ɗauki adireshin da ya ƙare da sunan kamfanin, kuma kowa yana iya buɗe irinsa. Saboda haka ɗan damfara zai iya kwafe tambarin ƙungiya da hotunan marayunta, ya gina shafi mai kama da nata, ya sa lambar asusunsa. Kuɗin jama'a ya salwanta, sunan ƙungiya kuma ya ɓaci.

Na uku, haruffan Hausa. Salon rubutu da yawa na cikin waɗannan manhajoji ba su da ɓ, da ɗ, da ƙ. Wani lokaci sai harafin ya fito da wata siffa dabam, ko ya zama ɗan akwati. In kuwa aka bar ƙugiya, ma'ana takan sauya: ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari.

Na huɗu, nauyi. Shafin da aka cika da manyan hotuna yana cin data, yana kuma jinkirin buɗewa inda sabis ba shi da ƙarfi. Abin da ya buɗe nan take a Oyingbo yana iya gagarar mai ƙaramar waya a ƙauye.

Na biyar, iyakar aiki. Irin wannan shafi ya dace da sanarwa da gabatar da ƙungiya, amma bai dace da riƙe rajistar 'yan ƙungiya ko lissafin shiga da fitar kuɗi ba. Har ila yau, in aka wuce na kyauta, farashi yana bin kuɗin ƙasashen waje, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 kowa ya ga yadda irin wannan biya yake hauhawa.

Na shida, kalmar sirri. Sau da yawa matashi ɗaya ne yake buɗe shafin da adireshin wasiƙarsa ta intanet. Ran da ya koma gida, ko wayarsa ta ɓace, ko aka sami saɓani, sai ƙungiya ta wayi gari ba ta da ikon gyara ko harafi guda a shafinta.

Abin da doka ta tanada

Dokar Kamfanoni ta shekarar 2020 ta tsara yadda ƙungiyoyin addini, da na ilimi, da na agaji za su yi rajistar amintattunsu a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Takardar rajistar nan ita ce shaidar da banki yake nema kafin ya buɗe asusu da sunan ƙungiya. Kazalika, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin tsare su. Bayanan yara kuwa suna bukatar yardar iyaye ko masu riƙonsu. Don haka kada a wallafa hoton maraya ko sunan majinyaci da cutarsa don kawai a taɓa zuciyar masu bayarwa. Taimako ba ya halatta tonon asiri.

Shawarwari

1. A buɗe shafin da adireshin wasiƙa na ƙungiya, kuma amintattu biyu ko uku su san kalmar sirri.

2. A yi rajistar adireshi na ƙungiya, kamar mai ƙarewa da .org.ng, ta hannun wakilan NiRA, wadda ke kula da adireshin .ng, sa'an nan a haɗa shi da shafin. A riƙa sabunta shi kafin wa'adinsa ya cika.

3. A rubuta cikakken sunan ƙungiya, da lambar rajistarta, da wurin ofishinta. Asusun banki ya zama da sunan ƙungiya, ba na wani mutum ba.

4. A gwada ɓ, ɗ da ƙ kafin a zaɓi salon rubutu, a kuma buɗe shafin a ƙaramar waya a ga yadda yake fitowa.

5. A adana kwafin rubutu da hotuna a wani wuri dabam.

Kammalawa

Ƙaramar ƙungiyar da bukatarta ita ce jama'a su san sunanta, da aikinta, da inda take, manhajar zane ta ishe ta. Wadda ta girma har tana da rassa a Agege da Oyingbo da garuruwan Arewa, tana kuma karɓar kuɗi masu yawa, gara ta nemi ƙwararre ya gina mata shafin da za ta iya ɗauka ta kai inda ta ga dama. Kowace aka zaɓa, a tuna cewa kuɗin gudummawa amana ne, kuma rigakafi ya fi magani.