Zaɓen Kayan Saran Itace da Tsagar Katako a Ƙasar Rabah, Wurno da Goronyo

Darasi domin Hakimai da Malamansu

A 'yan shekarun nan zarton inji ya shiga ƙauyuka da yawa na gabashin Jihar Sakkwato. Aikin da mutum biyu su kan yini suna yi da gatari, yanzu mutum ɗaya ya kan gama shi kafin hantsi. Saboda haka samari da ƙungiyoyi su kan zo gaban hakimi neman ya sa musu hannu a takarda, ko don su karɓi rance su sayi inji, ko don a ba su izinin sara. An shirya wannan darasi ne domin hakimi da malaminsa su san abin da za su tambaya kafin a sa hannu. Tushen maganar kuwa ɗaya ne: itacen da ke ƙasa shi ke zaɓen kayan aiki. Wanda ya fara sayen inji sa'an nan ya shiga neman abin da zai yanka, to, ko dai ya ci bashi ko ya ci daji.

1. Itacen da ƙasar ke da shi

Ruwan da a ke samu a wannan yanki a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma cikin wata huɗu ya ke sauka. Itacen irin wannan ƙasa ba ya saurin girma, ba ya kuma miƙewa sosai kamar na kurmi. Shi ya sa yawancin katakon da kafintoci ke aiki da shi a Sakkwato daga Kudu a ke kawo shi a mota.

Itatuwan da ke nan kashi uku ne. Na farko su ne na gona da na gari waɗanda amfaninsu a tsaye ya fi amfaninsu a kwance: gawo, kuka, tsamiya, bagaruwa, aduwa da goruba. Gawo ya kan zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya ciyar da dabbobi. 'Ya'yan bagaruwa da su majema ke jeme fatar jan akuya. Na biyu su ne na daji masu ƙarfi, irin su kirya da marke, da giginya wadda a ke tsaga azara da ita. Waɗannan su kan yi shekaru masu yawa kafin su isa sara, kuma sun yi ƙaranci. Na uku shi ne itacen da aka dasa da hannu, musamman dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, an kawo shi Barno a 1928, daga nan ya bazu Arewa duka. Yana jure fari, gara ba ta cika cinsa ba, in an datse shi kuma ya kan sake tofowa.

Duk wanda ya dubi wannan lissafi zai ga cewa sana'ar itace mai ɗorewa a Rabah, Wurno da Goronyo ta dogara ne ga kashi na uku. Gandun dajin Gundumi ajiyayye ne, ba a sara a cikinsa sai da izinin hukuma, ga shi kuma ya zama maɓoyar 'yan bindiga, irin waɗanda suka kai hari Tabanni ta gundumar Gandi a watan Yuli na 2018. Bai kamata kowa ya ɗora lissafin jarinsa bisa wannan daji ba.

2. Aikin iri uku ne

Akwai datsa, watau rage rassan itace yana tsaye, don a sami sanduna da makamashi, ko don a kawar da reshen da zai faɗa wa ɗaki, makaranta ko hanya. Akwai kayarwa, watau sare itace daga gindi. Akwai kuma tsagawa, watau mai da gungume katako ko azara. Kowane ɗaya da kayansa. A wannan ƙasa datsa ita ce aikin kullum, kayarwa jefi-jefi ce, tsagar katako kuwa sai wanda ya tabbatar da inda gungume zai riƙa fito masa.

Akwai abin koyi a maƙwabta. A kwarin Majiya ta jihar Tawa a Nijar, tun 1975 aka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu don tare iska. Da itatuwan suka girma, sai aka riƙa datse kawunansu bi da bi, jama'a na samun sanduna, itacen kuwa yana nan. A ƙasar Maraɗi kuma, daga 1983, manoma suka rungumi sassabin zamani, watau barin tofon kututture a gona, a zaɓi masu ƙarfi a rage sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Babban kayan aikin da aka yi wannan da shi adda ce da wuƙa.

3. Kayan hannu

Kada a rena kayan hannu don ganin inji. Gatari, adda da gizago maƙeran gida ke ƙera su, su ke kuma gyara su, ba su shan fetur. Mai fara sana'a ya ƙara musu abu huɗu: ƙaramin zarto mai lanƙwasa na datsa, zarto mai doguwar ƙota wanda a ke yanke reshe da shi daga ƙasa, igiya mai ƙarfi wadda ba ta tsufa ba, da tsani. Zarto ya fi gatari kyau wajen datsa, gama yankansa sumul ne, bakin ya kan warke da wuri. Saran gatari ya kan bar tsaguwa inda ruwa ke kwanciya, ruɓa ta shiga.

Reshe mai nauyi sau uku a ke yankansa. A fara daga ƙarƙashi, kamar ƙafa ɗaya daga jikin itacen, a shiga kashi ɗaya cikin uku. Sa'an nan a yanka daga sama, gaba kaɗan da na fari, har reshen ya faɗi. Daga ƙarshe a cire guntun da ya rage dab da kumburin da ke gindin reshen, ba tare da an taɓa kumburin ba. In ba a yi haka ba, nauyin reshen zai ɗaye ɓawon itacen har ƙasa.

Giginya kuwa, inda aka ba da izinin sare ta, gatari da ƙarfen tsagawa sun fi dacewa da ita. Ƙarfinta a bayanta ya ke, cikinta taushi gare shi, kuma tana tsaguwa bisa tsawonta. Zarenta mai tauri ya kan dakushe haƙoran inji nan da nan.

4. Zarton inji

Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera zarto mai aiki da lantarki a 1926, ya kuma fitar da mai shan fetur a 1929. Kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga ƙera irinsa a 1959. Yau kasuwa ta cika da na waɗannan kamfanoni, da na wasu, da kuma jabu masu ɗauke da sunansu. Injin yana da dogon ƙarfe mai kama da takobi, sarƙa mai haƙora tana zagaya shi. Da tsawon takobin da nauyin injin a ke bambanta su.

Ƙarami yana da takobi inci 14 zuwa 16, nauyinsa kilo 4 zuwa 5. Shi ya dace da datsa da yanka itacen wuta. Matsakaici yana da inci 18 zuwa 20, ya fi shi nauyi kaɗan. Gwani ya kan kayar da itacen da kaurinsa ya kusa ninka tsawon takobin, saboda haka matsakaici ya ishi kusan kowane dogon yaro da ke ƙasar nan. Babba kuwa, irin su Stihl 070 da masu tsaga katako a kurmi ke so, ya kan ɗauki takobi inci 36, nauyinsa ya haura kilo 10, yana shan mai ƙwarai. An yi shi ne don manyan gungume. Wanda ya kawo shi Rabah ba zai sami aikin da zai biya kuɗinsa ba sai ya juya kan tsamiya da gawon mutane.

Kafin a biya kuɗi, a duba waɗannan:

(a) Kayan gyara. A tambaya ko a kan sami sarƙa, takobi, fulogi da matacin iska na wannan inji a Sakkwato, kuma ko akwai makanikin da ya san shi. Injin da babu kayan gyaransa, ranar da ya tsaya ya zama ƙarfen banza.

(b) Birkin sarƙa. In bakin takobi ya taɓa wani abu, injin ya kan zabura baya zuwa fuskar mai riƙe da shi cikin ƙiftawar ido. Birkin shi ke tsai da sarƙa a wannan lokaci. Wasu tsofaffin samfura da jabu ba su da shi.

(c) Rasit da lambar inji. A sayi inji wurin dillalin da aka sani, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar. Araha ba ta ado.

(d) Magagari. Ƙurar hunturu da yashin da ke maƙale a ɓawon itace su ne maƙiyan sarƙa. Tilas a sayi magagari mai zagaye daidai da haƙoran sarƙar, a riƙa wasa su kullum. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi ta ke fitarwa. In ta fara fitar da gari, ta dakushe.

Irin wannan inji ba a zuba masa fetur tsura. A kan gauraya shi da man inji na musamman, galibi kashi 1 cikin 50, watau mililita 100 a lita 5, ko yadda littafin injin ya faɗa. Sarƙa kuma da nata man dabam. Baƙin man da aka juye daga mota yana ɓata famfon man da takobin. A kakkaɓe matacin iska kowace yamma.

5. Injin tsaga katako

Wasu su kan tsaga katako da zarton inji a inda itacen ya faɗi. Hanyar tana da sauƙi, amma ɓarnarta babba ce. Bakin sarƙa ya kan cinye wajen milimita 9 a kowane yanka, katako mai kaurin inci ɗaya kuwa milimita 25 ne. Ashe ke nan duk katako uku da aka fitar, na huɗu ya tafi a gari. Zarto mai ɗamara, wanda a ke girkawa wuri ɗaya, abin da ya ke ci bai wuce milimita 3 ba, katakonsa kuma ya fi daidaita. Saboda irin wannan ɓarna da saran ɓoye ƙasar Gana ta hana tsaga katakon sayarwa da zarton inji a 1998.

Amma injin girke yana bukatar wuta tsayayya ko janareta, da rumfa, da wanda ya iya wasa zarto, da gungume kullum. Inda babu gungume, ya fi kyau mai jari ya sayi ƙaramin injin kafinta na rage faɗi da gogewa, ya riƙa sarrafa katakon da a ke kawowa daga Kudu. Wajen ɗauko itace kuwa, amalanken shanu ko na jaki ya kan shiga yashi da fadamun Gulbin Rima inda mota ke kafewa.

6. Kayan kare rai

Kuɗin inji bai cika ba sai an haɗa da hular kwano, tabarau ko ragar fuska, abin toshe kunne, safar hannu, takalmi mai tauri da wandon kariya. Babbar riga da rawani ba na wurin wannan aiki ba ne, gama sarƙa na iya fizgarsu. Ba a hawa tsani da inji yana aiki, ba a yanka da shi sama da kafaɗa, ba a riƙe shi da hannu ɗaya, mutum kuma ba ya aiki shi kaɗai. In za a kayar da itace, kowa ya ja baya nisan tsawon itacen sau biyu, yara su fi haka. Reshen da ya kusanci wayar lantarki ba a taɓa shi sai ma'aikatan wuta sun zo sun kashe ta.

7. Lissafin jari

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mai ya zama babban abin da ke cin ribar mai inji. Malamin hakimi ya taimaki mai nema ya rubuta lissafi a takarda: kuɗin inji da kayan kariya, kuɗin mai da sarƙa na wata, ladan mataimaki, kuɗin izini, da abin da zai riƙa biya na rance. A ɗaya gefen a rubuta kwana nawa a wata zai sami aikin halal, da abin da a ke biya. In lissafin bai tashi ba sai an sa itacen da ba a ba da izininsa ba, to, bai tashi ba ke nan. A irin wannan hali gara mutum biyar su haɗa kuɗi su sayi matsakaicin inji ɗaya, ɗayansu ya koyi aikin sosai, sauran su riƙe kayan hannu da amalanke.

8. Abin da ya rataya a wuyan hakimi da malaminsa

Sakkwato na cikin jihohi 11 da aikin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Itacen da aka yi shekara goma ana reno, inji ya kan kayar da shi cikin minti kaɗan. Don haka ana roƙon kowane hakimi ya sa malaminsa ya buɗe littafi, ya rubuta sunan duk mai inji a gundumar, da ƙauyensu, da irin injin, da lambarsa. Kafin a sa hannu a takardar kowa, a tambaye shi:

1. Wane itace zai yanka, a ina ya ke, na wane ne?
2. Datsa zai yi, ko kayarwa, ko tsagawa?
3. Girman injin ya dace da wannan aiki?
4. Wa ya koya masa, ina kuma kayan kariyarsa?
5. Ya sami takardar izini daga ofishin gandun daji?
6. In ya kayar da itace, guda nawa zai dasa, wa zai ba su ruwa da rani?

Wanda ya amsa waɗannan da kyau, a taimake shi, gama sana'arsa za ta amfani gari. Wanda ya kasa, a ba shi shawara ya koma ya sake shiri. Dagatai da masu unguwanni kuma su riƙa kai rahoton duk ƙarar inji da aka ji a daji ko a fadama ba da sanin hukuma ba. Hakimai su sa a karanta wannan darasi a gaban dagatansu, su kuma su isar da shi ga talakawa.