DARASI: Bayan An Dawo Da Yaro Gida Daga Dashen Hanta

 

'Yan uwa mata, a nan Sakkwato mun saba jin cigiyar taimako a rediyo ko a waya: ga yaro hantarsa ta lalace, likitoci sun ce sai an fita da shi Indiya ko Masar an yi masa dashe. Jama'a su taimaka, a tafi, a dawo, a yi ta barka. Daga nan sai kowa ya kama gabansa, a bar uwa da jakar magani. To darasinmu na yau a kan wannan uwar ne da ɗanta, da shekarun da ke gabansu.

Mafi yawan ƙananan yaran da ake yi wa dashen hanta, toshewar hanyar matsarmama ce ta kai su, wadda take bayyana tun suna jarirai. Alamarta shawarar da ta wuce mako 2 ba ta tafi ba, kashi ya yi fari-fari, fitsari ya yi duhu. Wani likitan Japan, Morio Kasai, ya fito da aikin buɗe wannan hanya a 1959, kuma an fi dacewa idan an yi shi kafin jariri ya cika kwana 60. Kin ga ke nan idan aka tsaya jiƙe-jiƙen maganin shawara har aka yi arba'in, lokaci ya kusa ƙurewa.

Shi kuwa dashen, Thomas Starzl ya fara gwada shi a Amurka a 1963 a kan yaro ɗan shekara 3, yaron bai rayu ba. A 1989 aka yi nasara a Ostareliya da yankin hantar uwa aka dasa wa ɗanta, domin Allah ya yi hanta tana sake tofowa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashen gaɓa bisa sharuɗɗa, ta kuma haramta sayar da ita. Saboda haka uwa ko uban da ya ba ɗansa yankin hanta kada ya zauna da kokwanto a zuciya. Yanzu a manyan cibiyoyi kimanin yara takwas cikin goma, ko fiye, suna wuce shekara 10 bayan aiki. Da yawansu sun yi karatu, sun yi aure, sun haihu.

Amma fa jikin yaro bai taɓa mantawa cewa hantar nan baƙuwa ce ba. Sojojin jiki za su yi ta neman kai mata hari, shi ya sa ake ba shi maganin da ke kwantar da su, wanda aka fi sani shi ne takrolimus. Yawanci sau biyu ake sha a rana, awa 12 tsakani, kuma ga akasarin yara abin na tsawon rai ne. Kada ki ɗaura shi da "bayan asuba" da "bayan magariba", lokutan sallah suna motsawa. Ki sa ƙararrawar waya, misali 7 na safe da 7 na yamma. Ranar awon jini kuwa, sai an ɗebi jinin kafin a ba shi na safe.

Abin da ya fi yaudarar iyaye shi ne, lokacin da jiki ya fara ƙin hantar, yaro na iya zama garau yana wasansa, awon jini ne kaɗai zai nuna. Sai ki ji kaka ko kishiya ta ce, "Yaron nan ai ya warke, maganin na mene ne kuma?" 'Yar uwa, ki ba ta haƙuri cikin ladabi, ki ci gaba da ba shi. Haka nan tsimi da saiwoyi da mai sunan "maganin hanta" na kasuwa, ko ɗigo kada ya shiga bakinsa.

Garinmu ma yana da nasa hukunci. Zafin Maris da Afrilu yakan haura 40, shi kuma maganin nan da ma yana takura ƙoda, don haka ruwa tafasasshe ya zauna kusa da yaron kullum. Gudawa kan sa maganin ya taru a jini fiye da ƙima. Zazzaɓi, amai, gudawa, ko idanu su yi ɗorawa, duk na asibiti ne a ranar, ban da zuwa kemis. Da damina gidan sauro wajibi ne. Nonon fura sai wanda aka dafa. Idan ƙyanda ko ƙarambau ta shiga unguwa a sanar da likita nan take. Batun riga-kafi, sauran yaran gida su yi nasu cif-cif, domin su ne katangarsa. Shi kuwa akwai waɗanda ba a yi masa sai likitansa ya yarda, kamar ta ƙyanda da ta shawara da ɗigon shan-inna. Ki tambaya game da ɗigon har ga ƙannensa, tunda akwai ta allura.

An fara dashen ƙoda a Asibitin Aminu Kano a 2002, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ma ya yi nasa na farko a 2025, kuma magungunan suna kama da juna. Tun kafin a baro waje a karɓo cikakken rahoto, a samu likitan yara ɗaya a gida wanda zai riƙe fayil ɗin yana magana da na can.

Sai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wanda ni ya fi damuna a matsayina na malama: a mayar da yaro kamar ƙwai. Ba makaranta, ba Islamiyya, ba wasa da tsara. Idan likita ya ba da izini, a bar shi ya tafi. Gaskiya ne wasu cikin yaran nan kan yi nauyin ɗaukar karatu, ko hankalinsu ya riƙa watsewa, saboda doguwar jinya tun suna jarirai da yawan fashi. Ki je da kanki ki gaya wa malaminsa, a rage masa hadda zuwa abin da zai iya, a ajiye bulala. Kuma kada a bari yara su laƙaba masa suna saboda tabon cikinsa.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne balaga. Yaron da uwa ta yi shekara 12 tana ɗura masa magani sai ya fara jin kunyar sha a gaban abokai, ko ya gaji, ya riƙa ɓoyewa. Hanta da yawa a nan ake rasa su. Tun yana shekara 7 ko 8 ki koya masa sunan maganinsa da dalilinsa, ya riƙa ɗaukowa da hannunsa kina kallo. Azumi kuwa, kafin balaga bai hau kansa ba. Bayan ta, likita ne zai duba ko zai iya da yadda za a daidaita lokutan magani, in ya ce a'a, rangwamen mara lafiya ya same shi.

'Ya mace za ta iya aure ta haihu da yardar Allah. Sai dai a gaya wa manemi gaskiya tun da wuri, ya san akwai kuɗin magani a kansa. Kuma ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, don akwai magani mai suna maikofenolet da ke illata ɗan tayi, dole a canja shi tukuna.

Mu kuma na ƙungiya, idan muka tara kuɗin aiki, mu ware na magani da awon jini wata-wata. Reshe ɗaya zai iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya, a sa mutum biyu su riƙa leƙa uwar, a raka ta da takardunta zuwa Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jiha idan abin ya fi ƙarfinmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.